Gonar Makaranta a Bakin Birnin Kano: Wa Ke Noma, Wa Ke Girbi?

Ruwan sama a Kano ba ya zama sosai sai cikin watan Yuni. Yana ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Makarantun boko kuwa suna tafiya dogon hutu a ƙarshen Yuli, ba sa komawa sai Satumba. Duk wanda ya jera waɗannan lokuta biyu zai ga ciwon da ke damun ƙananan makarantun da aka kafa a kan gona. Yaro ya yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noman fari, sai a ce ya ɗaure kayansa ya tafi gida daidai lokacin marka, lokacin maimai da zuba taki na biyu, lokacin da ciyawa ke tsere da amfani, muguwar ciyawar wuta-wuta kuma ta fara leƙowa a gindin dawa. Sa'ad da zai dawo, gero ya isa girbi ko ma an girbe. Ya ga farkon abin, ya ga ƙarshensa, amma tsakiyar, wadda ita ce noman, wani ne ya yi masa.

Ba manyan wurare nake nufi ba, irin Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, ko cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero. Waɗannan suna da filaye da malamai da kasafinsu. Ina maganar ƙananan da ke gefen birni, ta wajen Kumbotso da Ungogo da hanyar Gezawa da hanyar Gwarzo: 'yan ajujuwa, ɗakin kwana, masallaci, rijiyar burtsatse, ɗakin kaji, da fili kamar hekta ɗaya ko biyu. Wata islamiyya ce ta kwana, wata ta wani mai zaman kansa ce, wata kuma tsangaya ce da ta karɓi boko ta riƙe gonarta. Iyaye a birni sun fara waiwayar irinsu, musamman tun da abinci ya yi tashin da ya yi bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Ana yaba su da cewa yaro zai fito da sana'a a hannu. Wasu sun cancanci yabon, wasu kuwa gumin yara kawai suke ci, kuma daga bakin ƙofa ba za ka bambance su ba.

Yinin ɗalibi a irin wannan makaranta rana ce ke tsara shi. Bayan Asuba a yi karatun Alƙur'ani, gari na wayewa a rarrabu. 'Yan lambu su ɗauki bokiti su bi fangali-fangali suna ban ruwa. 'Yan kaji su wanke mazubin ruwa, su zuba abinci, su duba ko akwai wadda ta kwana tana gyangyaɗi. 'Yan kiwo su share turke, su jiƙa dusa, su warware harawa. Kafin ƙarfe takwas an wanke jiki an shiga aji, ba a sake komawa gona sai bayan La'asar. Ba ragwanci ba ne. A watannin Maris da Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma ruwan da aka zuba wa latas da tsakar rana rabinsa iska ce ke sha. In azumi ya zo, a tattara aikin ƙarfi duka a mayar da shi safiya.

Abin da ya fi canza yaro a nan shi ne dabba. Allo ko littafi in ka ajiye ranar Alhamis, Asabar za ka same shi yadda ka bar shi. Kaza ba ta san Juma'a ba, ba ta san Sallah ba. Yaron da aka damƙa wa 'yan tsaki ɗari, ya kwana yana tashi duba gawayin da ke ɗumama su cikin hunturu, ya wayi gari ya tarar bakwai sun mutu saboda sun danne juna a lungu, ya koyi abin da bulala ba za ta koya masa ba. Lissafi ma a nan yake shiga kai. Kazar nama tana cin abin da ya kai kilo huɗu kafin ta isa yanka a mako shida zuwa bakwai. Kaji ɗari kilo ɗari huɗu ke nan, buhu goma sha shida na mai kilo 25. Ga kuɗin 'yan tsakin, ga rigakafin Gumboro da Lasota, ga gawayi, ga waɗanda suka mutu. Yaron da ke zufa in an ce ya raba lamba a allo, sai ka ji shi yana gardama da abokinsa a kan nawa kowace kaza ta tsaya musu, da ko ya fi a sayar yanzu ko a jira jajiberin Sallah. Malamin lissafi mai wayo ba ya neman misali a littafi, littafin ɗakin kaji yake aikowa a ɗauko.

Akwai kuma darasin asara, wanda makarantun cikin gari suke ɓoye wa yara. Masu kiwon kaji a Kano ba su manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba, da wadda ta dawo a 2015 ta share gidajen gona. Manoman Kura da Kadawa ba su manta da tsutsar Tuta absoluta da ta cinye tumatir a 2016 ba, har masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta rasa abin sarrafawa. Cikin 2016 ɗin ce kuma tsutsar nan mai cin masara ta bayyana a Najeriya. Ɗalibin da ya ga ganyen tumatirinsa ya ƙone cikin kwana kaɗan, aka zaunar da shi aka nuna masa ƙwaron da yadda yake haƙa rami a cikin ganye, ya fahimci dalilin da ya sa manomi ba ya zuba duk jarinsa a abu ɗaya, kuma ya daina ganin bokitin maganin da ake sa ƙafa a ƙofar ɗakin kaji a matsayin iyayi.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai sharaɗinsa ɗaya, kuma a kansa makarantun suka rabu gida biyu.

A gidan manomi Bahaushe akwai gandu, akwai gayauna. Gandu gonar gida ce, kowa ya yi aiki, maigida ya riƙe rumbu, ya ciyar, a dā har haraji shi ke biya. Gayauna kuwa ɗan yanki ne da ake yankar wa saurayi ko matar gida, ya noma a lokacinsa, abin da ya samu nasa ne. Magabata ba don tausayi suka yi haka ba. Sun san wanda bai taɓa mallakar dami ɗaya ba, ba zai koyi tattalin rumbu ba, kuma da ya sami hanya zai gudu. Mafi yawan gonakin makaranta gandu ne zalla. Yara su yi huɗa, su yi ban ruwa, su kwashe kashin kaji, in amfani ya nuna mota ta zo ta ɗauka, ba wanda ya gaya musu nawa aka sayar. Ƙwai ya tafi shagunan cikin gari, su kuma a ba su gaya da miyar kuka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaron da ya yi shekara uku a haka ya iya riƙe fartanya, amma abin da ya tafi da shi a zuciya shi ne noma wahala ce da wani ke ci wa riba, kuma ba zai sake waiwayarsa ba.

Wannan ba sabon ciwo ba ne. Waɗanda suka yi makarantun kwana na gwamnati sun san cewa in ka makara ko ka yi laifi, lauje ake miƙa maka a nuna maka ciyawa, ko a tura ka gonar makaranta. Shekara da shekaru ana hora yara da noma, sannan a dawo ana mamakin me ya sa ɗan boko ke ƙyamarsa. Shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da juyin noma na Shagari a 1980 duk sun tura makarantu su buɗe gonaki, an kafa ƙungiyoyin matasa manoma, an yi ta ɗaukar hoto da garma. Da kuɗin shirin suka ƙare, gonakin suka koma filin ƙwallo, ko suka koma na shugaban makaranta da malamai. Ba a taɓa tambayar yaro me ya samu ba.

Gyaran ba shi da tsada. Hekta ɗaya murabba'in mita dubu goma ce. In makaranta tana da ɗalibai sittin, ta yankar wa kowa mita goma tsawo goma faɗi, murabba'in mita dubu shida ta tafi, saura dubu huɗu na gandun makaranta da hanyoyi. A ba yaro iri da taki bashi, a rubuta a littafinsa, ya zaɓi abin da zai shuka: alayyafo da ke isa yanka cikin wata guda, ko albasa mai jan lokaci amma ta ajiyu. In ya sayar ya biya bashin, ragowar a ajiye masa ko a ba shi a hannu. Na gandu kuma a kafe lissafinsa a bango kowane wata, kowa ya gani: ga abin da aka kashe, ga abin da ya shiga tukunya, ga abin da aka sayar, ga inda kuɗin suka tafi. Na san masu makarantu za su ce kuɗin makaranta ba sa isa, gonar ce ke cike giɓin, kuma ba ƙarya suke yi ba. To, a faɗa wa yaran hakan da lambobi. Yaro yana jure aikin da ya san inda amfaninsa ya tafi. Wanda aka ɓoye masa ne ke cinsa a rai.

Abin mamaki, tsangaya ta dā ta fi boko fahimtar lokaci. Malam da almajiransa suna zaune a ƙauye duk damina suna noma gonarsa, daga ita ake ci, sai an gama kaka a ɗaure alluna a fita ci-rani. Karatu ne ke bin gona, ba gona ke bin karatu ba. Tsarin yana da nasa zaluncin in malam ba mai tsoron Allah ba ne, kuma ya lalace ne da malamai suka tare a birni babu gona, bara ta maye gurbin fartanya. Amma ta fuskar kalanda babu abin da za a koya masa. Makarantar yau ba ta da wannan 'yancin. Ma'aikatar ilimi ce ke fitar da jadawalin zango, jarrabawar WAEC tana faɗowa a Mayu da Yuni, ta NECO ta biyo baya zuwa Yuli, wato daidai lokacin shuka manyan ɗalibai, masu ƙarfin aikin, suna ɗakin jarrabawa.

Hanyoyi biyu ake bi. Wasu suna raba yara rukuni-rukuni su riƙa zuwa mako-mako cikin dogon hutu. Yana yi in yaran 'yan birni ne kuma kowa yana da yankinsa da yake tsoron ya lalace. In gandu ne, ba mai zuwa, sai a ɗauki 'yan ƙwadago, darasin ya tashi a banza. Wasu kuma sun haƙura da damina a matsayin ginshiƙi sun koma lambu, kuma a ganina su ne suka gane. Tumatir da latas da kabeji da karas da albasa duk sanyi suke so. A zuba iri a Oktoba, a yi dashe a Nuwamba, a fara ɗiba daga Janairu zuwa Maris: zango na ɗaya da na biyu ke nan cif, yaro yana nan daga rainon iri har kwando. Damina sai a bar ta ga wake da gyaɗa, waɗanda ko an yi sakaci za a sami harawar dabbobi, ƙasa kuma ta ƙaru.

Sai dai lambu ruwa ne, ruwa kuwa shi ne abin da Kano ba ta da shi a wadace. Masu noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam suna sha ne daga madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, ta magudanan da ke hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are. Makarantar da ke bakin birni ba ta kan wannan layin. Burtsatse take dogaro da ita, a ƙasar da dutse ne a ƙarƙashinta, inda rijiyoyi da yawa ke ja baya in bazara ta yi nisa. Ruwan da za a yi alwala da girki da wanka da shi, shi ne kabeji ke jira. Injin fetur ya zama abin da ba a iyawa, sola kuma kuɗinta a dunƙule ake biya. Akwai jarabar da ya kamata a yi magana a kanta a fili: ruwan kwata. An daɗe ana noman ganye a bakin rafin Jakara da ruwan da ya kwaso dattin gari, kuma inda ya haɗu da na masana'antu, irin na Bompai, bincike ya sha nuna ƙarafa masu guba a cikinsa. Magidancin da ke neman abin kai wa gida yana da uzurinsa. Makaranta ba ta da uzurin sa yara su tsoma hannu a ciki.

Haka batun taki. Tun kafin zuwan Turawa manoman kewayen Kano suke shigowa da jakuna su kwashi toka da kashin dabbobi da sharar gida su kai gona, abin da ya sa ƙasar ta jure noma shekara bayan shekara ba hutu, har masana irin su Michael Mortimore suka yi ta nazari a kanta. Sharar yau leda ce da batir da fasassun kwalabe da allurai. Makarantar da ta koya wa yara haɗa takin kansu daga kashin kaji da ragowar abinci da ganye, ta ba su abin da zai rage musu kuɗin takin zamani irin su kamfa da yuriya har tsufansu. Feshi kuwa bai kamata ya shiga hannun ƙaramin yaro ba ko kaɗan. A nuna wa manya yadda ake karanta takardar jikin kwalba, da kwanakin da ake jira kafin a ɗebi amfani, da rufe hanci da hannu. Wake kuma a koya musu adana shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwari da rashin iska, maimakon a bulbula masa guba.

'Yan mata ana yawan barinsu a baya, a ce su tsinci ƙwai su share tsakar gida. Kuskure ne babba, domin a Kano kiwo na cikin gida a hannun mata yake. Su ke turke rago tun watanni kafin Babbar Sallah, su ke riƙe jar akuya, su ke mayar da gyaɗa mai da ƙuli-ƙuli, waken suya ya zama awara. Yarinyar da ta iya auna abincin dabba, ta san lokacin rigakafi, ta iya rubuta shiga da fita, za ta yi amfani da abin a ɗakinta ko da ba ta sake taka gona ba. Cikin duk ɗaliban, ita ce mai yiwuwa ta fi kowa cin moriyar karatun, don sana'arta ba ta buƙatar fili.

Iyaye kuma zuciyarsu biyu. Uba zai kawo yaro yana murna za a koya masa sana'a, ranar ziyara ya ga kanta a tafin hannunsa sai fuska ta canza. "Malam, ni fa karatu na kawo shi, ba ƙwadago ba." Malam ya ce, "Alhaji, ai wannan ɗin ma karatu ne." Kowannensu yana da gaskiya. Uban ya san cewa ranar neman gurbi a jami'a ba wanda zai tambayi ɗansa kwando nawa ya ɗiba, Turanci da lissafi za a duba. Manhajar babbar sakandare da aka fara aiki da ita a 2011 ta shigo da darussan sana'a, ciki har da kiwon dabbobi da kiwon kifi, amma a makarantu da dama a allo ake kiwon, a zana tarwaɗa da alli a haddace sassanta. Makarantar gona tana da damar da waɗancan ba su da ita, in ta kiyaye awannin aji. In aikin gona ya wuce awa biyu a yini ga yaron ƙaramar sakandare, ko aka fara fitar da yara daga aji don mota ta zo ɗaukar kaya, to uban ne ya fi gaskiya.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta bayan kammalawa. Ɗan Fagge ko Gwale ko Tarauni da ya iya noma, a ina zai yi? Gonakin da ke Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Mariri da Jaba shekarun baya yau unguwanni ne, kuma makarantar kanta tana zaune a kan filin da dillalai ke zagayawa suna lissafin fuloti nawa zai fitar. Makarantar horon noma ta Gidauniyar Leventis da ke Panda tana ɗaukar matasa ne da niyyar su koma gonakinsu, domin yawancinsu suna da inda za su koma. Ɗan birni ba shi da shi. Abin da zai iya yi a bayan gida ko a filin haya shi ne kaji, kifi a tanki, turkar rago, rainon irin tumatir da tattasai yana sayar wa manoma, ko ya shiga cinikin amfanin da wasu suka noma. Don haka rabin abin da yake buƙata ba a gona yake ba, yana kasuwannin 'Yankaba da Dawanau da 'Yan Lemo. A tashe shi da asuba ya bi kwandunansa zuwa kasuwa, ya ga yadda dillali ke yanke farashi, ya ji nawa ake cire la'ada da kuɗin dako, ya ga tumatirin da ya yi wata uku yana shayarwa ya faɗi warwas don motocin Kura sun iso kafin tasu. Makarantu kaɗan ne ke yin wannan, domin duk yaron da ya je kasuwa ya dawo ya san nawa aka sayar.